Wa Ya Fara Cewa Iblis Na Tofa Wa Blakberi Yawu?

A ƙauyukan Ingila da Ayalan akwai wata tsohuwar doka da babu sarki ko majalisar da ta kafa ta, amma iyaye da kakanni sun daɗe suna riƙe da ita: da zarar wata rana ta wuce a cikin kaka, ba a ƙara tsinkar blakberi. Yaron da ya nemi jin dalili sai a ce masa ai Iblis ya riga ya bi ta kansa. Wasu su ce yawu ya tofa masa, wasu su ce take shi ya yi da kofato, wasu kuma ba sa sakayawa, su ce fitsari ya yi masa. Har yau zancen kan dawo bakin mutane duk ƙarshen Satumba, kuma kusan kullum da shiryayyen bayani a bayansa, kamar an gama magana. Ni dai da na bi sawun abin, sai na tarar ba a gama ba. Yaushe camfin ya fara? Me ya sa aka tsayar masa da rana? Me ya sa kuma wannan ɗan itace aka zaɓa, aka ƙyale tuffa da sauran 'ya'yan itatuwan da suke nuna tare da shi?

Blakberi 'ya'yan wata sarƙaƙiya ce mai ƙaya da ke yaɗo a shingayen gonaki da bakin hanya da kangaye. Guda ɗaya bai wuce kan babban yatsa ba, kuma in ka dube shi da kyau za ka ga tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da ɗan irinta mai tauri a ciki. Yana farawa kore, ya koma ja, sannan ya yi baƙi wuluk, ruwansa ya rina wa mai ci leɓe da yatsu. Wanda ke can ƙarshen reshe shi ke fara nuna, shi ya fi girma da zaƙi. Na baya sukan zo ƙanana, iri ya fi tsoka yawa. Masana tsirrai sun ƙirga ire-irensa sama da 300 a Birtaniya kaɗai. A zamanin da muke magana a kai ba a shuka shi, ba a biyan kowa kuɗinsa, duk mai hannu da haƙurin sukar ƙaya ya samu. Mu riƙe wannan batu, don zai yi mana amfani a gaba.

Cinsa dai ya girmi kowane rubutu a wannan yanki. A 1835 masu haƙa a wata fadama a Jutland ta ƙasar Denmak suka tono gawar wata mata da taɓon wurin ya hana ruɓewa. Da farko an ɗauka wata sarauniya ce ta zamanin Baikin, har sarkin ƙasar ya sa aka yi mata akwati na alfarma. Binciken baya ya nuna ta rasu ne wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin da aka samu a cikinta gero ne da blakberi. A gaɓar tekun Essex ta Ingila ma, a farkon ƙarni na 20, an tono ƙasusuwan wani mutum na zamanin kafin tarihi, aka sami tulin irin blakberi daidai inda tumbinsa yake. Waɗannan shaidu sun tabbatar da ci, amma gawa ba ta faɗin abin da mai ita ya yi imani da shi. Dole mu koma ga masu rubutu.

A nan ne shirun farko ya tare mu. Shakisfiya ya san blakberi sarai. A wasansa na Henry IV kashi na farko, wanda aka buga a 1598, ya sa wani ɗan wasa ya yi amfani da shi a matsayin ma'aunin abin da ya yi yawa har ya zama banza. A wasan dai an ambaci cinsa a matsayin aikin yaro mai gudun makaranta. A Troilus and Cressida kuma an kwatanta abin da bai da wata daraja da ƙwayar blakberi guda. Haka Turawan Ingila na lokacin suke ɗaukarsa a maganar yau da kullum: abin arha, abincin yaran talakawa da masu yawon daji. Amma mutumin da ya cika wasanninsa da mayu da aljanu da camfe-camfen karkara bai haɗa blakberi da Iblis a ko ɗaya daga waɗannan wurare ba. Nicholas Culpeper, wanda ya fitar da shahararren littafinsa na magungunan gargajiya a 1652, ya ce tsiron sananne ne har ba ya bukatar a siffanta shi. Ya lissafa amfaninsa ga gyambon baki da na maƙogwaro da gudawa, ya ma danganta shi da taurari kamar yadda ya saba, amma bai gargaɗi kowa game da wata rana ba. Shin camfin bai wanzu ba tukuna, ko kuwa yana nan a bakin mata da yara, waɗanda masu alƙalami ba sa tambaya? Shiru bai isa hujja ga ɗaya daga cikin biyun ba.

Sawu mafi tsufa da masu tattara camfe-camfe suka saba nunawa yana Dablin. Wani likita kuma mai wa'azi, Caleb Threlkeld, ɗan arewacin Ingila da ya koma Ayalan da zama, ya wallafa littafi kan tsirran ƙasar wajen 1726. Da ya iso kan blakberi sai ya ambaci cewa mutane na zargin yana jawo wa yara ciwo a ka, kuma suna cewa bayan idin Mala'ika Mika'ilu, wanda suke kira Michaelmas, Iblis kan jefa kulkinsa a kan 'ya'yan. Ya yi watsi da maganganun biyu, ya ce tatsuniya ce. Abin lura shi ne yadda ya faɗe ta a taƙaice, ba tare da bayani ba, alamar mai karatunsa ya riga ya santa. Ke nan a 1726 camfin ba sabo ba ne. Sai dai bai ce daga bakin wa ya ji ba. Daga arewacin Ingila ya taho da shi tun yana yaro, ko a kasuwannin Dablin ya tsinta? Bai faɗa ba, kuma wannan giɓi zai ci gaba da damun mu.

Daga nan sai a yi tsalle mai nisa zuwa ƙarni na 19, lokacin da tattara al'adun karkara ya zama abin yayi. A 1878, shekarar da aka kafa ƙungiyar nazarin al'adun gargajiya ta Ingila, mujallarta ta buga tarin camfe-camfen da wata mata mai suna Charlotte Latham ta tattara a yammacin Sussex shekara goma kafin nan. A ciki ta ba da labarin matar wani manomi da take dafa blakberi da sukari don ajiyar hunturu, sai ta ga bai ishe ta ba. Ta ce wa mai aikinta ta tura yaranta su ƙaro mata. Mai aikin ta yi mamaki, ta tambayi uwar ɗakin nata ko ta manta yau 11 ga Oktoba. Jiya Iblis ya zagaya ya tofa wa kowane yawu, in ji ta, kuma wanda ya ci yau, ko shi ko wani nasa zai mutu ko ya shiga babbar masifa kafin shekara ta fita. A wannan ɗan labari an ga abu biyu. Matar manomin ba ta damu da camfin ba, mai aikin ce ta riƙe shi da gaske, har ta ƙi umarnin wadda ke biyanta. Sannan ranar ta canja: Michaelmas 29 ga Satumba ne, amma a nan ana maganar 10 ga Oktoba.

Wannan saɓani na kwanaki yana da amsa, kuma ita ce shaida mafi ƙarfi a duk binciken. Birtaniya ta jima ba ta karɓi gyaran kalandar da Fafaroma Gregory na 13 ya yi a 1582 ba. Sai a 1752 ta bi sahu, aka kwana ranar 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata, kwana 11 suka fita daga lissafi. Ranar da tsohuwar kalanda ke kira 29 ga Satumba ta zama 10 ga Oktoba a sabuwa, daga baya ma 11, shi ya sa ake jin ranaku biyun. Mutanen karkara da yawa suka ci gaba da bin tsohon lissafi a harkokinsu. Hukuma ma ta yi haka ta wata fuska, domin wannan sauyin ne ya sa shekarar harajin Birtaniya, wadda a da take farawa 25 ga Maris, yanzu take farawa 6 ga Afrilu. To ashe ranar Threlkeld da ranar mai aikin nan ta Sussex rana ɗaya ce a tafiyar shekara. Wannan na nuna camfin ya riga ya kafu a kudancin Ingila kafin 1752, ya tsaya inda yake kalanda ta gota ta bar shi. Amma a yi hattara. Tsohuwar ranar ta ci gaba da zama ranar biyan hayar gona da ɗaukar barori a wurare da dama har cikin ƙarni na 19, don haka ba abin mamaki ba ne wani camfi ya maƙale mata daga baya. Shaidar tana da nauyi, ba ta dai rufe ƙofa ba.

Mu auna bayanan da ake bayarwa. Na farko shi ne wanda ya fi yawo: wai a ranar ne Mala'ika Mika'ilu ya jefo Iblis daga sama, ya faɗo cikin sarƙaƙiyar blakberi, ƙaya ta sossoke shi, ya tashi ya tsine wa tsiron, kuma duk shekara yana dawowa ya huce haushinsa. Labarin ya haɗa rana da Iblis da ƙaya a dunƙule, shi ya sa yake da farin jini. Tushensa na addini ma sananne ne, domin sura ta 12 ta littafin Ru'ya ta Yohanna ta yi maganar yaƙin Mika'ilu da macijin da aka jefo ƙasa. Amma babu sarƙaƙiya a wannan sura. Threlkeld bai ambaci faɗowa ba, mai aikin Sussex ma ba ta ambata ba. Duka biyun sun san Iblis na ɓata 'ya'yan, babu wanda ya ce don an jefo shi ne. Akwai kuma abin da ke karo da batun tsinuwa. Reshen blakberi kan lanƙwaso ya taɓa ƙasa ya yi saiwa, ya zama kamar baka, kuma a da, a sassan Ingila da yawa, iyaye kan ratsa da yaro mai tarin shiƙa ko maruru ta ƙarƙashin irin wannan baka suna neman waraka. A wancan zamani da ɓawon reshen ake ɗaure amyar zuma ta ciyawa, da rassan ake danne sabon kabari don kada tumaki su tattake shi. A gidan ibadar Santa Katarina da ke Sina'i ma, tsiron da sufayen wurin ke nunawa a matsayin wanda Annabi Musa ya ga wuta a cikinsa ɗan dangin blakberi ne. Tsinannen abu ba a kai masa yaro mara lafiya. Na fi karkata ga cewa labarin faɗowar faci ne da aka ɗora daga baya, don amsa wa yaron da ya ce me ya sa.

Bayani na biyu shi ne na masu son kimiyya, kuma yana da ƙafa a ƙasa. Idan Oktoba ya shiga, ruwa da sanyi kan yi yawa, zaƙin blakberi ya ragu, 'ya'yan su yi laushi. Wata funfuna mai launin toka da masana ke kira Botrytis takan lulluɓe su, tsutsa ta shiga wasu, kuma akwai ƙudajen da ke zuba musu yawu don su narkar da tsokar su tsotse. Wanda ya ga ɗan itacen da jiya yake ƙyalli yau ya yi yauƙi da furfura, ba zai sha wahalar yarda cewa wani abu ya tofa masa ba. A wannan fahimta camfin dabara ce ta tsare lafiyar yara, kamar yadda a gidajen Hausa ake cewa shara da dare na jawo tsiya, alhali abin tsoro shi ne a share wani abu mai amfani cikin duhu. Na yarda da rabin wannan bayani. Ya gaya mana me ya sa yawu, me ya sa blakberi, tunda tuffa ba ta lalacewa a gaban ido haka. Amma funfuna ba ta duba kalanda. Shekarar da kaka ta yi rani, ana samun lafiyayyen blakberi har ƙarshen Oktoba, kuma a arewa nunarsa na makara fiye da kudu. A arewa maso gabashin Ingila hutun makaranta na watan Oktoba ma makon blakberi ake kiransa. Sannan cin ruɓaɓɓen ɗan itace ɓacin ciki yake jawowa, yaya aka yi hukuncin ya kai ga mutuwar ɗan'uwa kafin ƙarshen shekara?

Akwai wata hanya da ta ja hankalina, don tana da ƙanshin gaskiya. Dokar farauta ta 1831 ta buɗe lokacin harbin tsuntsun fezan daga 1 ga Oktoba. Masu manyan filaye ba sa son yaran ƙauye na kutsawa cikin shingaye suna tayar musu da tsuntsaye daidai wannan lokaci. Ko su ne suka yaɗa camfin don korar talakawa? Tunanin na da daɗi, amma ya mutu tun a bakin ƙofa. Threlkeld ya riga dokar da fiye da shekara 100, kuma a labarin Sussex mai gona ce ke neman a tsinko, talaka ce ke hanawa. Wannan hanya ba ta ɓulle ba.

Bayani na huɗu ya mayar da mu Ayalan. A can, musamman inda ake jin harshen ƙasar, mai ɓata blakberi wani aljani ne da ake kira Puka, mai rikiɗa ya zama doki ko bunsuru, kuma ranar ita ce daren 31 ga Oktoba, daren tsohon bikin Samhain da ke rufe kaka ya buɗe hunturu. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun Ayalan ta sa 'yan firamare suka rubuto abin da dattawansu ke faɗa, kuma zancen Puka da blakberi ya fito a ciki daga gundumomi da dama. Masu wannan ra'ayi na cewa nan ne asalin: imani ne na kafin Kiristanci, cewa abin da aka bari a daji bayan Samhain rabon aljanu ne, daga baya coci ta sauya aljani da Iblis, ta sauya Samhain da idin Mika'ilu. Zai yiwu. Matsalar ita ce tsarin shekarun shaida ya juya baya. Rubutun da ya ambaci Iblis da Michaelmas na 1726 ne, tarin 'yan makarantar da ya ambaci Puka kuwa ya zo bayansa da shekara 200. Mai kare ra'ayin zai ce Threlkeld baƙo ne, Ingilishi yake ji, ba zai san abin da ake faɗa a bukkokin yammacin ƙasar ba, kuma wannan amsa ce mai ma'ana. Sai dai ita ma zato ce. Bikin Samhain tsoho ne ƙwarai, amma tsufan biki bai tabbatar da tsufan duk abin da aka rataya masa ba.

Duk da haka, ajiye ranakun biyu gefe da gefe ya nuna wani abu da bayanan nan huɗu suka tsallake. A Ingila Michaelmas na ɗaya daga cikin ranaku huɗu da ke raba shekara. A da ranar ce ake rufe lissafin noma, a biya haya, yarjejeniyar barori ta ƙare, a ɗauki sababbin ma'aikata. A karkarar Ayalan kuwa Samhain ke yin wannan aiki: dankali ya shiga rumbu, shanu sun sauko daga tudu. Kowace al'umma ta aza haramcin a kan ranar da ta riga ta sani a matsayin ƙarshen kaka. Manomin da bai iya karatu ba da irin waɗannan ranaku yake auna shekara, ba da lambobin wata ba. Idan blakberi kan fara lalacewa a tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Oktoba, to a bakinsa hakan na nufin bayan Michaelmas, ko bayan Samhain. Wanda ake ɗora wa laifi kuma shi ne mugun da ya fi kusa da ranar: a idin Mika'ilu abokin gabarsa Iblis, a daren Samhain aljanin da aka ce yana yawo a daren. Tsananin hukuncin ma ya samu wurin zama a nan, domin wanda ya ci bayan ranar ya ƙetare iyakar lokaci ne, ya taɓa rabon da ba nasa ba, kuma wannan ya fi ciwon ciki girma a idon mai camfi.

Me ya sa to ba za a iya tabbatarwa ba? Saboda abin da muka ce a riƙe tun farko. Takardun da suka tsira daga ƙarnonin baya na haraji ne da haya da ciniki da shari'a. Alkama na ciki, ulu na ciki, domin akwai mai su kuma akwai farashi. Blakberi ba shi da mai shi, kuma mata da yara ne ke tsinkarsa, don haka magatakarda bai da dalilin rubuta shi. Sai da yunwar yaƙin duniya na farko ta matsa, a kakar 1918, gwamnatin Birtaniya ta sa makarantu sakin yara su tsinko shi ana biyansu, don a dafa wa sojoji, sannan ya shiga littattafan hukuma da awo da lissafi. Arhar da ta sa ya zama karin magana a bakin 'yan wasan Shakisfiya ita ce ta hana shi tarihi.

Ga inda shaida ta tsaya. Camfin ya kai aƙalla shekara 300, kuma alamar kalanda na nuna ya riga 1752 kafuwa a Ingila. Lalacewar 'ya'yan a ƙarshen kaka gaskiya ce, ita ce ƙashin bayan maganar. Ranar kuwa daga kalandar manoma aka aro ta. Labarin faɗowar Iblis cikin ƙaya ba ya cikin tsofaffin bayanan nan biyu, don haka duk wanda ya kawo maka shi a matsayin asali, ka tambaye shi a wane rubutu ya gani kuma na wace shekara. Batun ko Puka ya riga Iblis ko Iblis ya riga Puka, takardun da ake da su ba su isa yanke hukunci ba, kuma wanda ya fara faɗin maganar bai bar suna ba.